Ƙara wa Haƙora Haske: A Kujerar Likita, a Gida, ko da Kayan Kanti?

Wanda yake son haƙoransa su ƙara haske yakan fara ne da tambayar kuɗi: nawa ake yi a asibiti, nawa ake sayar da na kanti, wanne kuma ya fi saurin aiki. Akwai tambayar da ya kamata ta riga waɗannan duka, wato mene ne ya sauya launin haƙoran tun da farko. Amsarta ce take raba mutumin da wankin haƙori na rabin awa zai ishe shi, da wanda yake buƙatar sinadari na makonni, da kuma wanda ko ya zuba kuɗi iya ƙarfinsa a kan maganin haskakawa ba zai ga biyan buƙata ba, saboda matsalarsa tana neman wani aikin daban.

Haƙori hawa uku ne. Na waje shi ne inamel, ɓawon nan mai sheƙi wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, sai dai haske yana ratsa shi kamar yadda yake ratsa gilashi mai hazo. A ƙarƙashinsa akwai dentin, wanda launinsa na halitta ya karkata zuwa ruwan ɗorawa, sannan a can tsakiya akwai jijiya da hanyoyin jini. Yawancin launin da ido yake gani na dentin ne yake leƙowa ta cikin inamel. Wannan ne ya sa fiƙa ta fi sauran haƙoran gaba duhu a bakin kusan kowa, domin dentin ɗinta ya fi kauri, kuma shi ne ya sa iyaye sukan tsorata idan haƙoran girma suka fito wa yaro kusa da na nono, su ga sababbin sun fi tsofaffin rawaya alhali lafiyarsu ƙalau. Idan shekaru suka ja, inamel yana sirancewa saboda tauna da guga, dentin kuma yana ƙara kauri da duhu, don haka haƙorin ɗan shekara 55 ba zai yi kama da na ɗan shekara 18 ba ko da bai taɓa sa goro a baki ba.

Dattin da ke bisa da launin da ke ciki

Likitocin haƙori sukan kasa sauyin launi gida biyu. Na farko shi ne wanda ya zauna a bisa fuskar haƙori bai shiga ciki ba. A ƙasar Hausa goro ne kan gaba wajen haddasa shi, kuma duk wanda ya zauna kusa da dattijon da ya shekara talatin ba ya rabuwa da ɓarin goro a kunci ya san jan da yake taruwa a gindin haƙora da tsakankaninsu, musamman ta bayan haƙoran ƙasa inda buroshi ba ya yawan kaiwa. Shayi mai kauri, gahawa, sigari, shisha, taba gari, maganin ƙarin jini na ruwa, da ruwan kurkure baki mai sinadarin kulohezidin idan aka daɗe ana amfani da shi, duk suna barin irin wannan tabo. A da can mata da gangan suke rina haƙora da furen taba da goro, jan baki kuwa ado ne. Yau gonar auduga ake nema.

Mai irin wannan datti bai kamata ya fara da maganin haskakawa ba. Abin da yake buƙata shi ne wankin haƙori a asibiti, inda ake amfani da ɗan inji mai girgiza da feshin ruwa a ɓamɓare dattin da ya daskare ya zama kamar dutse, sannan a goge fuskar haƙoran da wani ƙullu mai laushi. Aikin ya fi kowace hanyar asibiti araha, yana kuma da amfani ga lafiyar dasashi, kuma mutane da dama da suka je neman haskakawa sukan duba madubi bayan wankin su ce ya ishe su. Raɗe-raɗin da ake yi cewa wankin yana buɗe giɓi ko yana sa haƙora girgiɗi ya samo asali ne daga ganin ido: dattin da ya daskare shi ne ya cike gurbin da cutar dasashi ta riga ta ci, da aka cire shi sai gurbin ya bayyana. Iyakar wankin ita ce yana mayar da haƙori launinsa na asali ne kawai, ba ya wuce nan.

Gida na biyu shi ne launin da yake cikin jikin haƙorin kansa. Tsufa yana kawo shi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na tetarasaikilin, idan mai juna biyu ta sha shi ko aka ba yaron da bai kai shekara 8 ba, yana shiga haƙorin da ake ginawa ya bar masa zane-zane masu launin toka ko ƙasa-ƙasa har iya rayuwa. Haƙorin da ya bugu a faɗuwa ko a haɗarin babur, jijiyarsa ta mutu, yakan yi duhu shi kaɗai a cikin 'yan'uwansa bayan watanni ko shekaru. Sai kuma yawan fuloraid, wani sinadari da ake samu a ruwan ƙarƙashin ƙasa, a ruwan sha lokacin ƙuruciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita, amma akwai wuraren da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya zarce haka, irin su Langtang a jihar Filato, gundumar Bongo a arewacin Ghana, da Tibiri kusa da Maraɗi, inda ruwan rijiyar burtsatse daga tsakiyar shekarun 1980 ya taɓa haƙora har da ƙasusuwan yara masu yawa. Wanda ya tashi a irin waɗannan garuruwa yakan sami fararen ɗigo-ɗigo kamar alli, ko tabo mai launin tsatsa a haƙoran gaba, wanda ko an shekara ana dirza ba ya fita.

Sinadari ɗaya ne, ƙarfi da lokaci ne suka bambanta

Duk wata hanyar da take haskaka cikin haƙori da gaske tana dogara ne da haidirojin feroksaid, ko kuma ɗan'uwansa kabamaid feroksaid wanda yake narkewa a baki ya saki na farkon sannu a hankali. Kabamaid mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 yana ba da haidirojin feroksaid kusan kashi 3.5, mai kashi 16 kuma yana ba da kusan kashi 6. Sinadarin yana ratsa inamel ya kai ga dentin, ya farfasa ƙwayoyin da suke riƙe da launi har su daina nuna duhu. Ba ya kankare haƙori, kuma ko da yake wasu suna kiran aikin bilicin, ba sinadari ɗaya ba ne da na man shafawar da ake ɓata fata da shi. Abin da yake tantance sakamako shi ne ƙarfin maganin da tsawon lokacin da ya yi manne da haƙori: mai ƙarfi na ɗan lokaci da mai sauƙi na dogon lokaci suna iya kai mutum wuri ɗaya. Wanda ya riƙe wannan ya fahimci rabin kwatancen.

Dokokin ƙasashe sun sha bamban a kan ƙarfin da aka yarda da shi. A Tarayyar Turai, bisa dokar 2011, abin da ya wuce kashi 0.1 na haidirojin feroksaid ba a sayar wa jama'a kai tsaye. Daga nan zuwa kashi 6 sai ta hannun likitan haƙori, kuma ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. A Ingila wata babbar kotu ta yanke hukunci a 2013 cewa haskaka haƙori aikin likitancin haƙori ne, mai shagon kwalliya da ya yi shi ya karya doka. A Amurka kuwa likitoci suna aiki da mai kashi 25 zuwa 40 a kujera, kantuna ma suna sayar da abin da ya fi ƙarfin wanda Turai ta yarda. Da yake kayan da suke shigowa kasuwanninmu daga ko'ina suke, kwalaye biyu masu kama da juna za su iya bambanta a ƙarfi nesa ba kusa ba.

A kujerar likita

Ga yadda zaman yakan kasance. Likita zai fara duba baki, ya nemi kogo, tsagewa, ciko mai yoyo, ko dasashin da ya janye ya bar saiwa a buɗe, domin duk inda akwai ƙofa, maganin zai bi ta nan ya kai ga jijiya, zogin kuwa ba ƙarami ba ne. Zai ɗauko jerin haƙoran gwaji, wanda aka fi sani da shi shi ne na kamfanin VITA mai launi 16, ya kara su da haƙoran mutum ɗaya bayan ɗaya har ya sami wanda ya dace, ya rubuta lambarsa, sau da yawa ya ɗauki hoto. Daga nan a sa wata roba ta buɗe leɓɓa, a cusa auduga, a zana wani ruwa mai kauri a bisa dasashi layi-layi a busar da shi da fitila mai shuɗin haske har ya zama katanga. Sai a shafa maganin a kan haƙoran da suke bayyana wajen murmushi, a bar shi kamar minti 15, a zuƙe, a sake sabo, sau uku ko huɗu. Duka-duka zaman yakan ci awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi, baki a buɗe, ba magana.

Amfaninsa a bayyane yake: sha yanzu, magani yanzu. Mutum yana tashi daga kujera yana ganin bambanci, ba sai ya tuna sa wani abu kowane dare ba, kuma mai ƙwarewa ne yake tsare dasashi daga maganin da idan ya ɗiga a kan nama zai ƙona shi ya yi fari fat. Amma akwai abubuwa uku da tallace-tallace ba sa faɗa. Na ɗaya, wani ɓangare na hasken da ake gani a ranar bushewa ce, domin haƙorin da ya yi awa guda yawu bai taɓa shi ba yakan yi fari kamar alli, kuma bayan kwana biyu zuwa mako launin yakan ɗan koma baya. Launin gaskiya shi ne wanda aka gani bayan mako biyu. Na biyu, zama ɗaya ba kasafai yake kai mutum iyakar hasken da haƙoransa za su iya yi ba, sau da yawa sai an koma karo na biyu ko na uku, kowanne da kuɗinsa. Na uku, zogi ya fi yawa kuma ya fi tsanani a wannan hanya: wani irin tsinkau ne da yake zuwa kwatsam kamar an tsira allura, musamman a daren farko, ko idan iska mai sanyi ta shiga baki.

Batun fitila da leza yana buƙatar a tsaya a kansa, domin a nan ne kuɗi suka fi tafiya. Hoton mutum kwance sanye da baƙin tabarau, shuɗin haske yana haska bakinsa, shi ne abin da yake jan ido a Instagram da TikTok. Nazarce-nazarcen da suka tattara gwaje-gwaje masu yawa sun nuna cewa, idan maganin mai ƙarfi ne, haska fitila ko leza a kansa ba ya sauya sakamakon ƙarshe ta yadda za a ce a zo a gani. Abin da zafin fitilar yake ƙarawa shi ne bushewa, wani lokacin har da zogi. A ganina, idan asibiti ya ba da farashi biyu, mai leza da marar leza, babu hujjar biyan ƙarin. Abin da ya cancanci kuɗi a wurin likita shi ne idonsa da ya duba bakin, da hannunsa da ya tsare dasashi.

Kuben roba na gida, a ƙarƙashin kulawar likita

Wannan hanya ta samo asali ne daga dace. A ƙarshen shekarun 1960 wani likitan daidaita haƙora a jihar Arkansas ta Amurka yana ba marasa lafiyarsa maganin kabamaid su kwana da shi a cikin robar baki don dasashinsu ya warke, sai ya lura haƙoransu suna ƙara haske. A 1989 ne Van Haywood da Harald Heymann na Jami'ar North Carolina suka wallafa bayanin hanyar a rubuce, kuma daga lokacin ta zama wadda aka fi yin bincike a kanta a cikin dukkan hanyoyin haskakawa.

Likita zai ɗauki siffar haƙora, ko dai da wani ƙullu mai sanyi da ake ciza na 'yan mintoci har ya daskare, ko da na'urar ɗaukar hoto ta kwamfuta, a ƙera kube siriri na roba mai haske wanda yake shiga haƙoran mutum cif-cif kamar safa. A gida, bayan an goge baki, ana ɗiga maganin a gurbin kowane haƙorin gaba, ɗigon da bai wuce ƙwayar dawa ba, a sa kuben, a share abin da ya ɓullo a kan dasashi da yatsa ko auduga. Mai kashi 10 ana kwana da shi, wanda ya fi ƙarfi kuma awa ɗaya zuwa 'yan awoyi ake sa shi da rana, gwargwadon umarnin likita. Yawanci cikin kwana huɗu ko biyar ake fara ganin sauyi, aikin kuma yana kammala cikin mako biyu zuwa huɗu. Masu tabon tetarasaikilin sukan yi wata biyu zuwa shida, kuma wannan hanya ce kusan kaɗai take musu aiki ba tare da an taɓa jikin haƙorin ba.

Idan aka ɗora hanyoyin biyu a sikeli bayan wasu watanni, kuben gida yana kamo kujera, sau da yawa ma haskensa ya fi daɗewa, ga shi a yawancin asibitoci ya fi sauƙin kuɗi tun da bai cin lokacin likita sosai. Linzamin kuma yana hannun mai shi: idan zogi ya taso, sai ya tsallake dare ɗaya ko biyu, ko ya cika kuben da makilin mai sinadarin fotasiyam naitiret ya sa na minti 20 zuwa 30, idan hasken ya kai yadda yake so, sai ya tsaya kafin haƙoran su yi farin da ba ya kama da na mutum. Rauninsa shi ne yana buƙatar naci. Wanda ya san kansa ba ya gama maganin zazzaɓi na kwana uku, da wuya ya jure makonni uku yana kwana da roba a baki, yawu yana taruwa a dararen farko. Akwai kuma masu ganin cika kuben da magani zai hanzarta aiki, alhali abin da hakan yake jawowa shi ne ƙunar dasashi da kaikayin maƙogwaro.

Asibitoci da yawa suna haɗa biyun, zama ɗaya a kujera sannan mako ɗaya ko biyu na kube. Yana da kyau ga mai hali, amma kuben ne yake yin mafi yawan aikin.

Kayan kanti, shagon kwalliya da dabarun gida

A cikin abin da ake saye ba tare da likita ba, siraran ledojin da ake mannawa a haƙora su ne suke da hujja mafi ƙarfi, tun daga Crest Whitestrips da ya shiga kasuwar Amurka a 2001. Suna ɗauke da feroksaid na gaske, kuma ga matashi mai jerarrun haƙora, marasa kogo, masu ɗan rawaya kaɗan, suna iya yin abin kirki da kuɗi kaɗan. Matsalarsu ita ce an yanka su ne da awo ɗaya don kowa: suna rufe haƙoran gaba kaɗai, ba sa shiga lungun haƙorin da ya karkace, suna hawa kan dasashi, kuma babu wanda ya duba bakin kafin a fara. Makilin mai alƙawarin fari kuwa gogewa yake yi, ba ya shiga ciki. Wasu nau'o'in suna barin wani shuɗin launi siriri a kan haƙori wanda yake ruɗin ido na 'yan awoyi. Yana da amfani wajen riƙe haske bayan an yi aikin. Duk abin da za a saya a Najeriya, a duba lambar NAFDAC da kuma rubutun da ya faɗi sunan sinadarin da ƙarfinsa; kwalbar da ba ta faɗi abin da ke cikinta ba, a bar wa mai ita.

Shagon kwalliya da yake haɗa gyaran farce, dilka da haskaka haƙora a ɗaki ɗaya shi ne zaɓin da na fi jin tsoro. Ko dai maganin ba shi da ƙarfi, a busar da haƙora da fitila a ɗauki hoto, bayan kwana uku a koma gidan jiya; ko kuma yana da ƙarfi, a hannun wanda ba zai iya bambanta kogo da tabo ba. Wasu kayan da ake tallatawa a matsayin marasa feroksaid suna ɗauke da sinadarai masu tsami da suke laushe inamel. Likitan haƙori a Najeriya dole ne ya kasance da rajistar MDCN, wato hukumar da take yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista, kuma tambayar wannan ba rashin kunya ba ne.

Sai dabarun da ake yaɗawa a WhatsApp: gawayi, toka, gishiri, kanwa, da lemon tsami haɗe da bekin soda. Inamel yana fara narkewa idan lambar ma'aunin tsami na pH ta sauka ƙasa da 5.5 (a wannan ma'auni, ƙanƙantar lamba ita ce yawan tsami), ruwan lemon tsami kuwa yana wajen 2 ne. Farin da ake gani bayan an shafa shi alamar ɓawon da ya ci ne, kuma inamel ba ya sake tsirowa. Duk lokacin da ya ƙara sirancewa, rawayar dentin tana ƙara fitowa, wato garin neman gira a rasa ido. Gawayi yana iya kankare ɗan dattin sama, amma wani bita da mujallar ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta buga a 2017 bai sami isasshiyar hujjar amfaninsa ko rashin illarsa ba, ga shi yana maƙalewa a gefen ciko da gindin dasashi ya bar baƙin layi. Aswaki daban ne: yana tsabtace baki sosai idan an iya riƙe shi, yana rage taruwar datti, sai dai ba ya sauya launin dentin, kuma masu dirza shi da ƙarfi a wuri ɗaya sukan wayi gari dasashi ya janye.

Inda sinadarin ba ya kaiwa

Feroksaid ba ya taɓa abin da ba haƙorin halitta ba. Farin ciko, hular haƙori ta tangaran, haƙorin roba, balle haƙorin Makka, duk suna nan yadda suke. Mai farin ciko a haƙorin gaba ya sani cewa bayan haskakawa cikon zai fito fili ya fi kewayensa duhu, dole a sake shi, kuma sai an jira kamar mako biyu, domin launi ya zauna kuma ragowar sinadarin ya fita, in ba haka ba sabon cikon ba zai kama da kyau ba. Wannan kuɗi ne da ya kamata a lissafa tun farko.

Haƙorin da jijiyarsa ta mutu ana haskaka shi ne ta ciki. Bayan an yi aikin cire jijiya an toshe saiwar, likita zai sa maganin a cikin ramin haƙorin ya rufe, a sauya shi bayan 'yan kwanaki har launin ya dace da na maƙwabta. Babu ledar kanti da za ta yi wannan, kuma duhun haƙori ɗaya tilo alama ce ta a je a ɗauki hoton saiwa, domin ana iya samun ƙurji a ƙarƙashi ba tare da ciwo ba.

Masu tabon fuloraid su ne aka fi yaudara. Idan tabon launin tsatsa ne, kuben gida yana rage shi sosai. Idan fararen ɗigo ne, a kwanakin farko sukan ƙara fitowa kafin sauran haƙorin ya kamo su, wani lokacin kuma ba ya kamo su gaba ɗaya. A nan likita yana da wasu dabaru: goge saman inamel kaɗan da ƙullu mai ɗan asid, ko shafa wa farin tabon wani ruwan roba da yake ratsa shi ya cike ƙananan ramukansa har ya saje da kewayensa. Idan tabon ya yi zurfi har da ramuka, sai a koma ga rufe fuskar haƙorin da farin ciko ko da biniya, wato siririn murfin tangaran. Biniya tana ba da kyan gani nan take, amma yawanci sai an fiƙe kusan rabin milimita na inamel, ba a komawa baya, kuma bayan shekaru sai an sauya ta. Bai kamata matashin da matsalarsa rawaya ce kawai ya yarda a fiƙe masa lafiyayyun haƙora ba kafin ya gwada kube.

Akwai kuma waɗanda za su dakata: mai juna biyu da mai shayarwa, wanda bai kai shekara 18 ba, mai kogon da ba a cike ba, da wanda dasashinsa yake zubar da jini idan ya goge baki. Su waɗannan biyun na ƙarshe magani za su fara yi, ado ya biyo baya.

Amarya da ango su ne suka fi zuwa a ƙurarren lokaci, kwana uku kafin ɗaurin aure, tsakanin ɗinki da ƙunshi. A wannan hali kujera ce kaɗai ta rage, tare da haɗarin a yi walima ana tsoron ruwan sanyi. Wanda ya fara wata ɗaya da rabi kafin ranar zai sami damar wankin haƙori, mako guda dasashi ya huta, mako biyu ko uku na kube, da sauran kwanakin sake ciko idan akwai. Fara amfani da makilin masu zogin haƙori mako biyu kafin aikin yana rage wahala a kowace hanya aka bi.

Babu hanyar da haskenta yake dawwama. Yakan riƙe daga 'yan watanni zuwa kamar shekara uku, kuma wanda ya koma wa goro da sigari zai ga ƙarshensa da wuri fiye da wanda yake kurkure baki da ruwa bayan shayi. A nan kuben roba yake da wata riba da kujera ba ta da ita: yana nan a ajiye, kuma dare biyu ko uku bayan kowane wata shida zuwa shekara sukan isa su dawo da hasken, da kuɗin ɗan bututun magani kawai. A wanke shi da ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana lanƙwasa shi, a bar shi ya bushe a cikin akwatinsa, maganin kuma a ajiye shi a firiji ko wuri mai sanyi, tun da zafin bazara yana kashe ƙarfinsa. Idan an cire haƙori ko an yi sabon ciko babba, a kai kuben wurin likita ya duba ko har yanzu yana shiga daidai.